Wa Ke Duba Littafin Magatakarda?



Shekara 19 ke nan littafin asusun jama'armu yana hannunmu. Ba wani littafi ne na a zo a gani ba. Kaye ne mai baƙin bango irin wanda ake saya a kasuwar Mokolo, in ya cika mu ɗaure shi da roba mu jefa a akwati, mu buɗe sabo. A ciki muke rubuta abin da kowane magidanci ya zuba a ƙarshen wata, da abin da aka fitar don likkafani da motar kai gawa maƙabarta, da tikitin jirgin ƙasa na baƙon da guzuri ya yanke wa yana son komawa Ngaundere, da gudummawar gobara, wadda ba ta daɗe ba ta ziyarci unguwa mai cunkoso irin tamu ba. Rabin rubutun ajami ne, rabi boko. Dattijon da muke yi wa magatakarda shi ke ba da umarni, mu ke karɓar kuɗin, mu ke ajiyewa, mu ke fitarwa, mu ne kuma ke rubutawa. Duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa cewa mu buɗe ya gani, mu kuwa mun ɗauki wannan shirun a matsayin rawanin da jama'a suka naɗa mana.

Bara, kwana kaɗan bayan Ƙaramar Sallah, muna zaune a zaure bayan la'asar muna haɗa lissafin wata, sai wani ɗanmu ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaishe mu kamar yadda aka tarbiyyantar da shi, ya zauna gefen tabarma yana kallon hannunmu. Can sai ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Bayan ku, wa ke duba wannan littafi?"

Muka ce, "Allah."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Amma mu a daren nan barci bai zo da wuri ba.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu faɗi ko wane ne wannan yaro, ko da yake mutumin da ya doshi arba'in ya wuce a ce masa yaro sai a bakin waɗanda suka halarci sunansa. Mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, mai tsire ne, cikin waɗanda hayaƙin tukubarsu ya sa duk Yaounde ke hawowa unguwarmu da dare. Yaron ya yi allo a hannun malaminmu, ya yi boko har jami'ar da ke Soa, ya karanta ilmin lissafin kuɗi. Yanzu yana aiki da wani babban kamfani na Turai mai rassa a ƙasashe da dama, wanda ba za mu ambaci sunansa ba. Aikinsa shi ne binciken cikin gida. A unguwa kowa da fassarar da ya yi wa wannan aiki. Tsofaffin mata suna cewa ɗan sandan kamfani ne. Matasa suna kiransa Odita, suna hangen akwatinsa mai taya da tambarin filayen jirgi a jikin fasfonsa, suna cewa ya haye. Wasu kuma, da yake baki ba ya rasa abin faɗa, suna cewa aikinsa raba mutane da abincinsu.

Mun taɓa tambayarsa haƙiƙanin abin, ya warware mana a hankali. Ya ce masu binciken kuɗi iri biyu ne. Akwai na waje, wanda dokar kasuwanci ta OHADA ta wajabta wa manyan kamfanoni su naɗa, ya duba lissafin shekara ya sa hannu cewa abin da aka nuna wa masu hannun jari gaskiya ne. OHADA ɗin nan yarjejeniya ce da aka ƙulla a Port-Louis a 1993, ƙasashe 17 ke cikinta, sakatariyarta kuma a nan Yaounde take, ko da yake da yawanmu mun sha wucewa ba mu san me ake yi a ciki ba. Sai kuma na cikin gida, irinsa. Shi ma'aikacin kamfanin ne, a nan yake karɓar albashi, amma rahotonsa ba ya tsayawa a teburin manajan da ya je dubawa. Yana wucewa ne zuwa wani kwamiti na majalisar daraktoci, don kada wanda ake bincika ya zama shi ke riƙe da maƙogwaron mai binciken. Sana'ar tana da ƙungiyarta ta duniya da aka kafa a birnin New York a 1941, tana da jarrabawa kashi uku da mutum zai ci kafin a ba shi shaidar ƙwarewa. Ya ce shekara biyu ya yi yana karatunta da dare.

Yadda aikin ke tafiya shi ne, a farkon shekara ana tsara rassan da za a ziyarta, ana fifita inda aka fi jin tsoron ɓarna. Sai a tura su, mutum biyu ko uku, su yi mako biyu ko uku a Abijan, ko Dakar, ko Legas, ko Injamena. Ba sa iya karanta kowace takarda, don takardun reshe ɗaya sun isa cika zaurenmu har rufi. Sai su tsamo wasu, kamar yadda mai sayen shinkafa ke soka tsinke a buhu biyar cikin ɗari ya ga abin da zai fito. In kamfani ya biya kuɗin kaya, sai su nemi takardu uku: wadda aka yi odar kayan da ita, wadda mai tsaron sito ya sa hannu cewa kayan sun iso, da wadda mai kayan ya aiko yana neman kuɗinsa. In ukun nan suka yi daidai, sai a wuce. In ɗaya ta saɓa, sai a zauna. Suna shiga sito su ƙirga kwali da hannunsu. Suna ɗaukar jerin masu albashi su nemi ganin mutanen ido da ido, don an sha samun sunan wanda ya rasu ko ya bar aiki yana ci gaba da karɓar albashi. Suna duba ko lambar asusun bankin wani ɗan kwangila ta canja dab da ranar biya, da ko wa ya canja ta.

Amma ya ce kama ɓarawo ƙaramin ɓangare ne na aikin. Mafi yawan abin da suke rubutawa ƙofofi ne da aka bari a buɗe, ko da ba wanda ya riga ya shiga. Babbar ƙofar kuwa, wadda suke fara nema a ko'ina, ita ce a sami mutum ɗaya shi ke amincewa a kashe kuɗi, shi ke riƙe da kuɗin, shi ne kuma ke rubuta abin da aka kashe. Sa'ad da yake faɗin haka mun gyaɗa kai muna cewa lallai Turawa sun iya tsari. Ko kusa ba mu kawo kanmu a ciki ba.

Abin da ya fi burge mu shi ne da ya ce ba a jami'a ya fara koyon wannan aiki ba, a gaban tukubar mahaifinsa ne. Kowace yamma tsohon yakan ƙirga tsinken tsire kafin ya miƙa wa yaran da ke kai wa masu saye. In dare ya raba sai a zube kuɗi a faranti, a ƙirga tsinken da ya rage, a ga ko sun hau. Ba ya ware ɗan cikinsa daga wannan ƙirga. Wata rana ɗan ya yi fushi ya ce ashe ba a yarda da shi ba, sai uban ya ce masa, ai saboda kai nake ƙirgawa, ran da kuɗi suka ɓata kada a ce kai ne.

Matasan da ke hangen akwatin nan mai taya ba su san nauyinsa ba. Ya ce duk reshen da ya sauka, ranar farko ana tarbarsa da fara'a, rana ta uku in ya shiga ɗakin cin abinci sai hira ta mutu. Yakan ci abincinsa shi kaɗai a masauki. Azumi uku a jere ya sha ruwa a filin jirgi ko a gaban kwamfuta. Ɗiyarsa ta fari ta fara tafiya yana wata ƙasa, a waya ya gani. Akwai kuma labarin rago. A wani reshe, ana saura kwana huɗu Babbar Sallah, manajan wurin, Musulmi ne kuma mai jin Hausa, ya aiko masa da rago har ƙofar masauki. Ƙa'idar kamfanin ta hana karɓar kyauta daga wanda ake bincika. Ya mayar da ragon, ya kuma rubuta a rajistar kyaututtuka cewa an kawo an mayar. Washegari mutumin ya tare shi ya ce, "Ɗan'uwa, ka wulaƙanta ni a gaban yarana. Ni ban san da wata manufa ba sai zumunci." Ɗanmu ya ce mana har yau yana kyautata zaton gaskiya mutumin ya faɗa, domin ba a sami komai a littattafansa ba. Amma da ya karɓa, rahoton nan mai tsabta da ya rubuta da ya zama abin zargi, ragon ya cinye mutuncin su biyu.

Shi ne kuma ya ba mu labarin wata mata Ba'amurkiya, Cynthia Cooper, shugabar masu binciken cikin gida a kamfanin sadarwa na WorldCom. A 2002 ita da 'yan mutanenta suka lura ana ɗaukar kuɗin da aka kashe na yau da kullum ana rubuta su a matsayin jarin da aka zuba, don asara ta fito da kamar riba. Babban jami'in kuɗi na kamfanin ya nemi ta jinkirta binciken, ta ƙi. Da dare suka riƙa aiki a ɓoye, har suka kai maganar gaban kwamitin bincike. A watan Yuni na shekarar aka bayyana cewa dala biliyan 3.8 aka karkatar a lissafi, daga baya adadin ya kai wajen biliyan 11. Kamfanin ya durƙushe a watan Yuli, a watan ne kuma Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley da ta tsananta wa kamfanoni. Shugaban kamfanin, Bernard Ebbers, an yanke masa shekara 25. Muka ce to ai ta ci nasara. Ya ce, "Baba, dubban mutane sun rasa aiki, cikinsu har da maƙwabtanta. Gaskiya ta faɗa, amma ba na jin ta yi barci mai daɗi a shekarar nan."

A daren da ya yi mana tambayarsa, abin da ya hana mu barci ba labarin Amurka ba ne. Karatunmu ne ya taso mana. Mu da muka yi shekaru a gaban malamai mun san hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura shi karɓar zakka, da ya dawo ya yi masa hisabi, mutumin ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Annabi ya hau mumbari ya yi tir da hakan. Sahabi ne fa aka zaunar aka yi wa lissafi. Mun san Sayyidina Umar yakan sa a rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, in ta ƙaru fiye da ƙima ya raba ta biyu ya mayar da rabi baitulmali. Mun san yana da Muhammadu bin Maslama, wanda yake aikawa garuruwa ya binciki gwamnoni, har Kufa ya je wajen Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. In ba mai binciken cikin gida ba ne wannan, to mene ne? Shehu Usmanu ma a Kitabul Farƙi ya lissafta gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Duk mun karanta, mun ma karantar. Sai ga shi an tambaye mu wa ke duba littafinmu mun ji kamar an mare mu.

Mun yi ta juya dalilin wannan jin zafi. Muna ganin gado ne. Kakanninmu fatake ne da suka gangaro kudu tun zamanin Jamus, kafin ma wurin da ake gasa bulo ya bar wa unguwar nan sunan Briqueterie. Baƙi ne a ƙasar da harshenta da kotunta ba nasu ba ne. Abin da ya riƙe kasuwancinsu shi ne kalma. Bafatake zai sauke kayansa a gidan maigida, ya bar masa dukiya mai yawa ya koma arewa, ya dawo bayan watanni ya tarar da kuɗinsa cif. Dillali ya karɓi shanu bashi da baki kawai. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Ngaundere da Yola da Kano, ba kuma mai sake sauka a gidansa. A irin wannan duniya, ka ce wa mutum ya ba ka resi daidai yake da ka ce masa ba ka san ubansa ba. Tsarin ya yi aiki, ba ma raina shi, shi ya gina gidajen da muke ciki. Sai dai a wancan zamani kowa ya san kowa. Yau masu zuba kuɗi a asusunmu wasu a Faransa suke, wasu a Gabon, ta waya suke turowa, 'ya'yansu kuma ba su san fuskarmu ba.

Da asuba muka kai maganar gaban dattijo, muna sa ran ya ce yaro ya yi rashin kunya. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam, ni na kusa gangarawa. In na tafi, bakina ba zai iya yi maka shaida ba. Ba shi littafin."

Dare uku ya yi a zaurenmu, daga bayan isha'i har wajen ƙarfe ɗaya. Ya ce shekara uku na ƙarshe kawai zai duba. Ajamin bai ba shi wahala ba, ɗan allo ne. Ya jera kowane shigi da fici a kwamfutarsa, ya gwada da saƙonnin Orange Money da MoMo da ke wayarmu, ya sa muka zube kuɗin akwati ya ƙirga a gabanmu, ya ce mu ma mu ƙirga, muka sa hannu mu biyu a kan adadin. Duk tambayar da zai yi sai ya fara da "Baba, ku taimaka mini in gane." Daga baya muka fahimci haka yake yi wa manajojin Abijan ma. Uwargida ta aiko masa da kilishi a daren farko, ya yi godiya ya ture shi gefe, ya ce sai an gama. Muka tuna rago, muka yi shiru.

A dare na uku ya juyo da fuskar kwamfutar wajenmu. Abin da littafi ya ce ya kamata a samu a akwati ya fi abin da ke ciki da sefa 412,000.

Ba mu firgita ba da farko, don mun san inda mafi yawansu suka tafi. Akwai fitar da ba ma rubutawa, kuma da gangan ne. Magidanci mai mutunci, wanda kowa ke gani da babbar riga ranar Juma'a, yakan ƙwanƙwasa ƙofar dattijo bayan kowa ya kwanta, ya ce kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba, ko mai gidan haya ya ba shi wa'adi, ko an riƙe matarsa a asibiti sai an biya. Dattijo yakan aiko a kira mu ya ce, "Ba shi jaka ashirin, kada alƙalami ya ji." Wannan shi ne rufin asiri, kuma a wurinmu ya fi likkafani muhimmanci, domin mamaci ba ya jin kunya. Muka zauna muka tuno su ɗaya bayan ɗaya, muna faɗin wata da adadi ba tare da suna ba, dattijo yana tabbatarwa daga kan gadonsa. Suka kama 365,000.

Saura 47,000. Muka juya ƙwaƙwalwa, muka zazzage akwati, muka duba aljifan tsofaffin riguna. Babu. Allah shi ne shaida ba mu san mun ci ko dala ɗaya ba. Amma mun san sau da yawa mukan karɓi kuɗin asusu a bakin masallaci mu zuba a aljihu ɗaya da namu, da niyyar in mun isa gida mu ware. Ko kowane lokaci mun ware? Shekara 19 muna amsa wa kanmu da e, don ba wanda ya tambaya. A daren nan muka kasa rantsuwa.

Gardamar da ta biyo baya a kan 365,000 ɗin ce, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Ɗanmu ya ce a aikinsa kuɗin da ba su da takarda ba su da uba, ko waliyyi ne ya fitar da su. Ya ce shi ya yarda da mu, amma yardarsa ba hujja ba ce, wanda zai gaje mu kuma zai gaji wannan ƙofa a buɗe, ya fitar da abin da ya ga dama ya ce rufin asiri ne. Ya ƙara da cewa doka ma tana tahowa, domin tun 1 ga Janairu 2024 OHADA ta fara aiki da tsarin lissafi na musamman ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, ran da muka nemi buɗe asusu a banki ko karɓar tallafi za a nemi littafi mai tsabta. Mu kuma muka ce masa, ɗana, surar da ta zo da ayar rubuta bashi ita ce ta zo da aya ta 271, wadda ta fifita sadakar da aka ɓoye. Aya goma sha ɗaya ce tsakaninsu. In muka rubuta sunan mutumin nan a kayen da za a karanta a taro, mun ba shi jaka ashirin mun karɓe abin da ya fi miliyan. Gobe ba zai dawo ba, zai gwammace 'ya'yansa su kwana da yunwa.

Ya yi shiru mai tsawo. A nan muka ga bambancin mai ilmin sana'a da mai haddar ƙa'ida. Ya ce a kamfaninsu ma akwai abubuwan da ba kowa ke gani ba, kamar albashin mutane da sunan wanda ya tsegunta wata ɓarna, kuma riƙe sirri yana cikin sharuɗɗan aikinsu, wanda ya fasa shi zai iya rasa shaidarsa. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne sirrin da mutum ɗaya tak ya sani. Sai ya kawo shawara: a ware wani kaso sananne kowane wata don rufin asiri, jama'a su amince da adadin a taro. A babban littafi a rubuta rana da adadi da lamba kawai, babu suna. Sunayen su zauna a wani ƙaramin littafi da mutum biyu kaɗai za su gani, dattijo da wani amintacce da jama'a za su zaɓa, kuma kada kuɗi su fita sai da hannun su biyun. Akwati ya koma hannun ma'aji dabam. Mu a bar mana alƙalami.

Wato dai an raba mu da mabuɗi. Ba za mu ɓoye muku ba, ya yi mana ciwo, har yanzu ma in muka shafa aljihun da yake zama mukan ji wani iri.

Ranar taro ya so ya karanta rahotonsa ya tsallake batun 47,000, ya ce a ƙa'idarsu adadin da bai kai ya canja hoton lissafi ba ana iya sanya shi a ƙasa-ƙasa. Muka ce a'a, mu za mu faɗa da bakinmu. Muka miƙe a gaban mutanen da muka yi wa 'ya'yansu huɗuba, muka ce ga abin da ya ɓata a hannunmu, ba mu san yadda aka yi ba, za mu biya cikin wata uku. Wani dattijo ya ce a yafe, shekara 19 ba albashi ai ta fi haka. Muka ƙi, muka biya. Mafi yawan jama'a sun ƙara girmama mu, ko dai haka suka nuna. Amma unguwa unguwa ce. Kafin mako ya zagayo 47,000 sun zama miliyan huɗu a wata majalisar shayi, akwai kuma mutum biyu da har yau gaisuwarsu ta sauya. Shi ma ɗanmu bai tsira ba, an ce ya zo ya tozarta uban da ya riƙe shi ranar suna. Mahaifiyarsa ta zo har gida tana kuka tana ba mu haƙuri, da ƙyar muka fahimtar da ita cewa mu muka miƙa masa littafin.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga kowane lissafi ba. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, wadda takan zo duk bayan wata biyu, tun da ta ji cewa yanzu mutum na biyu yana ganin suna ba ta sake zuwa ba. Mun aika mata cewa amintacce ne, kabari ne bakinsa. Ta ce ta gode, Allah ya rufa asiri. Mun ga babban ɗanta kwanan baya yana tura baro a Mokolo a lokacin da ya kamata yana aji. Da muka gaya wa ɗanmu a waya, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Baba, wannan ba ya cikin abin da aka koya mana." A ɗaya hannun kuma, 'yan'uwanmu na ƙasashen waje da suka ga rahoto a rubuce sun ƙara abin da suke turowa, har asusun ya ɗauki kuɗin makarantar marayu shida a bana, abin da bai taɓa yi ba. Mun ɗora waɗannan biyun a sikeli sau da yawa, kowane dare da inda yake rinjaya.

Ranar da zai koma, ya biyo ta zaure da akwatinsa, mota tana jiransa zuwa filin jirgin Nsimalen. Uwargida ta sake fito da kilishin nan, sabo ta saya. Ya dube mu yana murmushi ya ce, "Baba, an rufe bincike?" Muka ce an rufe, mun sa hannu. Ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa muka yi masa addu'a.

Daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe sha ɗaya, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ƙwanƙwasa ƙofar dattijo. Ya aiko aka kira mu kamar yadda ya saba, ya manta mabuɗi ya bar hannunmu. Mutumin yana tsaye a soro, ya juya fuskarsa wajen bango, rigarsa sharkaf. Ma'aji yana nan, amma amintaccen da zai sa hannu na biyu ya tafi ta'aziyya Ngaundere, wayarsa ba ta shiga. Muka koma gida muka ɗauko jaka goma sha biyar daga kuɗin cefanen uwargida muka ba shi. Da muka dawo muka buɗe kaye, muka rubuta rana da adadi, muka rubuta cewa asusu ne ke riƙe da bashin magatakarda, muka bar gurbin sa hannu biyu a buɗe. Jirgin ƙasan Ngaundere da safe yake isowa, an ce mana ranar Asabar yana ciki.